Ƙasar da ta cika jirgi ba ta ga hayaƙinsa ba

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gazawa ya nufi yamma, ya ratsa Agye da Cadawa, ya gifta Maraɗi da Tibiri har ya sauka Gidan Rumji, zai yi tafiyar wajen kilomita 150 ba tare da tayar motarsa ta taka ƙarfen dogo ko sau ɗaya ba. Na yi wannan tafiya da kaka, lokacin da aka gama ɗaurin hatsi, rumbuna sun cika, buhunan aya da na wake da na riɗi suna jibge a bakin hanya suna jiran kamyo. Gawo ya fara fid da ganye kamar yadda ya saba in sauran itatuwa sun kama zubarwa, can arewa kuma goruba ta yi layi tana nuna inda Gulbin Kaba ya bi. Babu hayaƙi, babu jiniya, babu tashar da aka taɓa sayar da tikitin jirgin ƙasa.

Amma duk da haka na tashi ina jin kalmomin reluwe a bakin manyanmu. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya yi yaron mota a ƙuruciyarsa, yana bin kamyon gujiya daga Gazawa zuwa Kano. Har ya tsufa, in ya ga mata sun jero daga rijiya sai ya ce ga taragu nan tafe, in kuma yaro ya cika ci sai ya ce masa kan jirgi, wanda ba ya motsi sai an cika masa ciki da kwal. Jirgin bai zo garinmu ba, mu ne muka riƙa zuwa wurinsa.

Dalili kuwa a fili yake ga wanda ya dubi taswira. Dogon Ingilishi ya iso Kano a 1911. A 1929 aka kai wani reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, a 1930 kuma wani ya tashi daga Kano ya ƙare a Nguru. Kawuna ukun nan sun miƙo arewa kamar yatsun hannu, kowanne ya tsaya kafin ya taɓa iyaka. Faransawa da ke mulkinmu ba su shimfiɗa ko taƙi ɗaya na dogo a Nijar ba, nasu da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Faraku tun 1936. Saboda haka da noman gujiya, wadda mutanen Kano ke ce ma gyaɗa, ya bunƙasa a ƙasar Maraɗi da Tasawa, hanyar teku mafi kusa ita ce ta maƙwabta. Manomi ya kawo a jaki ko a raƙumi, a auna a sikelin kamfani, irin su CFAO da SCOA, ko na dillalin da suka ba kuɗi, a ɗinke buhu, kamyo ya kwasa ya nufi Kano. Daga nan sai tarago, sai Ikko, sai jirgin ruwa. Tsofaffin shagunan da matafiyi ke gani a bakin wasu kasuwanninmu, masu kaurin bango da rufin kwano da ya yi tsatsa, da yawansu ragowar wancan zamani ne.

A Agye motarmu ta tsaya ana gyaran taya, muka sami inuwa muka zauna. Wani saurayi, yaron wani kamyo da ke gefe, ya fito da ɗan littafi daga aljihu yana rubuta yawan buhunan da aka loda da sunan mai kowane kashi. Shi ne ya tuna mini da wani dattijo da na sani a Zariya shekarun baya, wanda ya yi aikin gadin jirgi tun zamanin Turawa har bayan ƴancin kai, kuma daga bakinsa na fara fahimtar yadda ake haɗa jirgin fasinja.

Kada mai karatu ya rikita gadi da gardin kwamanda da muka sani a nan, mai jar hula da bulala. Gadin jirgi shi ne shugaban tafiya. Direba na da kan jirgi, fayaman na da wuta, amma jirgi ba ya tashi sai gadi ya busa usur ya ɗaga koren tuta, da dare kuma fitila. Kuma shi ne marubucin tafiyar. Kafin a tashi zai bi jirgin a ƙasa daga kai har wutsiya, yana duba kowane tarago yana rubuta lambarsa da irinsa, bi da bi kamar yadda aka ƙulla su. Zai rubuta lambar kan jirgi da sunan direba, ya tara nauyin taragun ya faɗa ma direba tan nawa zai ja, domin kowane kan jirgi yana da iyakar abin da aka yarda ya ja a kowane yanki na hanya, gwargwadon hawa da gangara. Sa'an nan a kowace tasha ya rubuta lokacin isowa da na tashi. In an makara, akwai gurbin da zai faɗi minti nawa da kuma dalili: an tsaya shan ruwa, an jira wani jirgi ya wuce, wuta ta yi sanyi don kwal ba shi da kyau, an cire tarago don gatarinsa ya yi zafi. A ƙarshen tafiya ya sa hannu ya miƙa takardar, ta tafi ofishin manya, inda akawu zai bi ta layi layi ya nemi wanda za a tambaya.

Dattijon ya ce mini yakan fara rubutawa a ɗan littafin aljihu da fensir, don a tsaye ake yi, wani lokaci cikin ruwa, daga baya ya kwafe a takardar hukuma in ya zauna a ɗakinsa na wutsiyar jirgi. Har lokacin da na san shi, in ya rufe ido yana iya jero maka jirgin Ikko zuwa Kano kamar mai karanta sunayen ƴaƴansa.

Ga yadda ya jero mini shi. A gaba kan jirgi, da ma'ajin kwal da ruwa manne a bayansa. Daga 1948 aka fara kawo wasu manyan kawuna daga Ingila waɗanda aka raɗa ma sunayen kogunan Nijeriya, su ne ƙarfin hanyar a shekarun nan, kwal ɗin da suke ci kuwa daga Inugu ake haƙo shi. Sai taragon kaya da na gidan waya, inda buhunan wasiƙu suke. Sai taragun mutane, aji uku. Na aji na ɗaya ɗakuna ne masu ƙofa, da gadaje da fanka da wurin wanke fuska, kusa da su kuma taragon cin abinci, da kuku da masu hidima cikin fararen kaya, da tebura da aka shimfiɗa ma ƙyalle. Na aji na biyu su ma suna da wurin kwanciya, amma mutum ya fi yawa a ɗaki. Sai na aji na uku, masu bencin katako, waɗanda suka fi kowanne yawan jama'a nesa ba kusa ba. Daga ƙarshe ɗakin gadi da birkinsa na hannu, da jar fitila rataye a baya. Fitilar nan ba ado ba ce. Mai kula da tasha in jirgi ya wuce bai gan ta ba, ya san wani tarago ya tsinke ya tsaya a daji, ba zai bari wani jirgi ya shiga wannan yanki ba.

Tsakanin Ikko da Kano ya fi kilomita 1,100, kuma layi ɗaya ne, mai hawa da mai sauka duk shi suke bi. Don haka sai a tasha jirage ke gifta juna, kuma direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai an miƙa masa wata sandar ƙarfe, shaidar cewa hanyar tasa ce shi kaɗai. A nan ma akwai babba da ƙarami. Jirgin da ke ɗauke da wasiƙu da manyan fasinja shi ake buɗe ma hanya, sauran su raɓe a gefe su jira, ko da za su yi rabin yini.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayanin dattijon nan shi ne abin da littafin ba ya ɗauka. Gadi na ƙirga taragu, ba ya ƙirga mutane. Taragon aji na ɗaya da mutum takwas a ciki layi ɗaya ne a takarda, na aji na uku da ya cika har bakin ƙofa, da tabarmi da buta da ƙullin goro da kaji a kwando da jariri a goye, shi ma layi ɗaya ne. To a wannan layi na biyun ne mutanenmu suke. Bagobiri ko Bakatsinen ƙasar Faransa da ya ƙetara iyaka zai je cin rani Ibadan, ko ɗan kasuwar da zai saro goro a Agege, ko almajirin da zai je Zariya, ba shi da wani wuri sai benci. Aji na ɗaya a zamanin Turawa kusan nasu ne, da manyan ma'aikata da ƴan tsirarun attajirai da sarakuna. Ma'aikacin gwamnati kuwa ba shi ke zaɓen ajinsa ba, takardar izinin tafiya da ofishinsa ya ba shi ita ke faɗin inda zai zauna, bisa ga matsayinsa. Ma'aikatanmu na yau da ke karɓar takardar aika da kuɗin hanya gwargwadon daraja sun san wannan tsari, ba baƙo ba ne gare su, Faransawa ma haka suka yi. Akawun da aka ƙara ma girma har takardarsa ta tashi daga aji na uku zuwa na biyu, ranar nan duk unguwa sai ta sani.

Kawuna ya shiga jirgin nan sau ɗaya, ya raka maigidansa Ikko sayen kayan mota. Abin da ya riƙe daga tafiyar har ya rasu abu uku ne: gadar Jabba a kan Kwara, wadda ya ce ya rufe ido har aka ƙetare, da tartsatsin kwal da ya ƙona masa sabuwar riga don ya leƙa ta taga, da ƴan talla da ke rufe jirgi a kowace tasha, fura da ƙosai da rake a arewa, doya da lemo da burodi in an gangara kudu. Taragon cin abinci kuwa ya ce ƙamshinsa kawai ya ji.

Amma in mutanenmu na bayan jirgin fasinja, gujiyarsu ita ce cikin jirgin kaya, kuma a nan ne lissafin gadi ya taɓa aljihun kowa. Bayan yaƙin duniya na biyu reluwen Nijeriya ya fito a gajiye, kawuna sun tsufa, taragu ba su isa ba, ga noma ya ƙaru. Tun da kowane kan jirgi yana da iyakar nauyinsa, abin da bai samu tarago ba sai ya jira. Dalar gyaɗar Kano da ake ɗaukar hoto ana alfahari da ita, asalinta ke nan: buhuna ne da jirgi ya kasa kwashewa, aka jera su aka rufe da tamfol, wasu su shekara, ƙwari na ci. Mai mulkin Ingilishi kuwa in zai raba taragu, ba zai fara da kayan ƙasar Faransa ba. Wannan na cikin abin da ya sa a 1953 hukumar mulkin mallaka ta ƙirƙiro shirin da ta kira Hirondelle, wato tsattsewa: kamyo ya ɗauko kayan kanti da siminti da mai daga Faraku ya hauro, ya koma da gujiya, a zuba ta a jirgin Dahome zuwa Kwatano, hukuma na cike gibin kuɗin sufuri. Hanyar kamyon ta fi nisa ƙwarai, ta Doso da Gaya, kuma sai a 1958 aka gama gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. A 1959 aka kafa OCDN, hukumar dogo ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar, mu da ba mu da dogo muka zama masu rabo a jirgi. A 1962 kuma SONARA ta karɓi cinikin gujiya daga hannun kamfanonin Turawa. Da yawa daga cikin alhazan Maraɗi da sunansu ya cika gari daga baya, a wannan ciniki suka fara, suna saye a ƙauyuka da kuɗin kamfani.

Mun wuce Maraɗi da azahar ba mu tsaya ba, muka bar Tibiri, gidan sarautar Gobir, muka bi gefen gulbi har Gidan Rumji. A nan jirgin da tsofaffi suka sani daban ne. Daga Gidan Rumji zuwa Ƙauran Namoda bai fi kilomita 120 ba a miƙe, Kano kuwa ta ninka haka. Mai kora shanu ko mai fatauci daga wannan yanki sai ya bi ta Sululu ya faɗa Sabon Birni, ya bi Isa da Shinkafi, ya tarad da kan dogo a Ƙaura. Ƴan uwa ne gaba da baya, Gobirawa a nan, Gobirawa a can, iyakar ba ta hana kowa zuwa suna ko jana'iza ba.

Jirgin wannan reshe ba shi da taragon cin abinci balle kuku. Gauraye ne, mutane da kaya a jirgi ɗaya: ƴan taragun fasinja kaɗan, sauran duk na gujiya da auduga da fatu da shanu. Dattijon Zariya ya ce babu aikin da ya fi wahalar da gadi kamar wannan, domin jirgin da ya rubuta a Ƙaura ba shi ne zai isa Zariya ba. A Gusau a ƙara taragu, a Tsafe a ajiye wani, a Funtuwa a ɗauki na auduga, kowane canji sai ya soke ya sake tara nauyi ya sanar da direba. Fasinja kuwa suna zaune a rana ana ta kai da kawowa da su, wanda ya gaji ya sauka ya yi salla ya sayi abinci ya dawo, jirgi na nan. A taragun shanu makiyaya ke tsayawa tare da dabbobinsu har kudu, suna tayar da wadda ta kwanta kada sauran su tattake ta. Sa da aka haifa a ƙasar Dakwaro ko Tawa ya yi sati yana tafiya da ƙafa kafin ya ga tarago, amma a littafin gadi ba a rubuta daga inda ya fito ba, an dai ce taragon dabbobi kaza, daga Ƙaura zuwa Ikko. Shi ya sa wanda zai nemi rabon Nijar a cikin takardun reluwen Nijeriya zai sha wuya. Muna ciki, amma da sunan tashar da muka hau.

A 1955 reluwe ya zama hukuma mai cin gashin kanta, a shekarar kuma aka kawo kawunan farko masu shan gas maimakon kwal. Aka ci gaba da shimfiɗa dogo har ya kai Maiduguri a 1964. Daga nan al'amura suka juya. Yawancin direbobi da gadi da akawunan tasha mutanen kudu ne, rikicin 1966 ya sa da yawa suka bar arewa, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Fari na 1973 da 1974, da cutar da ta kama gujiya a 1975, suka karya noman da ke cika taragu. Kwalta ta yawaita, manyan motoci suka kwashe shanu da goro. Manomin Agye da Gazawa ya koma ga wake da aya da riɗi, waɗanda har yau kudu suke nufa, amma a bayan kamyo, suna tsayawa a kowane shinge na duwan da jandarma. Hanyar Sululu zuwa Shinkafi da fatake suka bi shekara da shekaru ta zama abin tsoro saboda ƴan bindiga, tun 2019 kuma gundumar Gidan Rumji ta karɓi dubban ƴan gudun hijira daga ƙetaren iyaka, jikokin waɗanda suka saukar da kakanninmu a kan hanyar Ƙaura.

An yi mana alkawarin dogo ba sau ɗaya ba. A 2014 aka buɗe tashar jirgi a Yamai, a 2016 kamfanin Bolloré ya kai ƙarfe har Doso, wajen kilomita 140, amma rigimar shari'a a Benin ta tsayar da haɗa shi da Faraku, bai yi jigilar da aka gina shi dominta ba. A watan Fabrairu na 2021 shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aka ba kamfanin Mota-Engil aikin. Ɗan kasuwa ya kamata ya riƙe wani abu a nan: faɗin tsohon dogon Nijeriya milimita 1,067 ne, na Benin da na Doso mita ɗaya cif, sabon na Maraɗi kuwa 1,435. Taragon ɗayansu ba ya hawa kan ɗaya, duk inda suka haɗu sai an sauke an sake lodi, lodi kuwa kuɗi ne.

Ko a taswirar sabon layin, Agye da Gazawa da Gidan Rumji ba su da tasha, ta Ɗan Isa zai shigo ya tsaya Maraɗi. Kamyo da amalanke ba za su rasa aiki ba, sai dai tafiyar da kawuna ke yi har Kano za ta tsaya a Maraɗi. Abin da nake ganin ya kamata ƙungiyoyin ƴan kasuwarmu da hukumomin jaha su tambaya tun yanzu shi ne yadda za a haɗa jirgin: taragon kaya nawa za a ware ma lodin Maraɗi a lokacin kaka, ko za a yi na dabbobi, a ina za a yi awon duwan, kuma nawa mai buhu biyar zai biya in an gwada da mai buhu dubu. Waɗanda suka ga buhunansu na ruɓewa a Kano a shekarun 1950 ba a tambaye su ba lokacin da ake raba taragu.

Na kwana a Gidan Rumji. Da asuba wani kamyo ya tashi daga bakin kasuwa da lodin wake har ya fi ƙarfin bodinsa, a saman buhunan kuma mutum wajen ashirin sun naɗe fuska da rawani saboda sanyi, da akuya biyu ɗaure a baya. Yaron motar ya zagaya ya duba tayu, ya cire wejin da ya tare ta baya, ya buga bodi sau biyu da tafin hannu, direba ya ja.